Wa Zai Yi wa Yaro Ta'aziyya?

Idan aka yi rasuwa a gida, kowa ya san mazauninsa. Maza su jera kujeru a ƙofar gida, mata su cika tsakar gida, 'yan Zumunta su zo da waƙa da addu'a, maƙwabta Kirista da Musulmi su yi ta shigowa bi da bi. Mai gaisuwa ya durƙusa gaban matar mamaci ya ce mata sai haƙuri, ya wuce wurin yayyen mamaci da ƙannensa ya yi musu haka nan. Yaron da aka binne mahaifinsa kuwa yana can da bokiti a ka, an aike shi ɗebo ruwan baƙi. In ya yi sa'a, wani kawu ya dafa kansa ya ce, "Yanzu kai ne babba, ka riƙe mahaifiyarka." Bayan 'yan kwanaki taro ya watse, ranar Litinin yaro ya sa kayan makaranta ya koma aji.

A nan tambayarmu ta taso. Shi wannan yaro, mai makoki ne ko kuwa ɗan gidan masu makoki ne kawai? In har mai makoki ne, to, akwai hakkinsa a wuyan wani, domin ta'azantar da masu baƙin ciki yana cikin ayyukan jinƙai da aka koya mana tun a ajin katikisim, kuma ba a sa wa wannan umurni iyakar shekaru ba. Gida ya shagala da nasa ciwo. Wurin da yaro zai yi yawancin wuninsa daga yanzu shi ne makaranta. A makarantar kuwa akwai mutum ɗaya da aka ware musamman domin sauraron ɗalibai, wato malamin ba da shawara. Ra'ayina shi ne, yi wa ɗalibi ta'aziyya yana tsakiyar aikin wannan malami, kuma makarantar da ta hana shi sukunin yin haka ta tauye wa maraya hakki.

ASALIN WANNAN AIKI

Masu rubuta tarihin ilimi a Nijeriya sukan fara labarin ba da shawara a makarantu daga shekarar 1959, a Kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan. Sistocin da ke tafiyar da kwalejin sun duba 'yan matan da za su gama karatu, suka ga ba su san inda za su dosa ba, sai suka gayyato ma'aikata daga fannoni dabam-dabam su zo su yi musu bayanin sana'o'i. Daga wannan ƙaramin taro abu ya yi ta girma. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, a 1977 kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ambaci buƙatar samar da irin waɗannan malamai a makarantun gaba da firamare. Yau jami'o'i da kwalejojin ilimi da dama suna horar da su.

Da yake aikin ya faro ne daga zaɓen sana'a, har yanzu nan aka fi tsayar da shi. A makarantu da yawa malamin shawara shi ne mai raba ɗalibai tsakanin ajin kimiyya da na fasaha, shi ne mai taya su cike fom ɗin WAEC da JAMB, wani lokaci ma shi ake tura wa masu laifi. Sau da yawa an ɗora masa darasi cikakke kamar kowane malami, ɗakinsa kuma ya zama ma'ajiyar tsofaffin rajistoci. Amma abin da ya motsa waɗannan Sistoci shi ne tunanin abin da zai sami yarinya bayan ta fita daga hannunsu. Wanda ya damu da makomar ɗalibi ba zai iya kau da kai daga abin da ya fi kowane abu girgiza wannan makoma ba, wato mutuwar uba, ko uwa, ko ɗan'uwa, ko aboki na kusa.

YARO MA YANA MAKOKI

Mukan ce yaro bai san mutuwa ba, zai manta. Akwai ɗan ƙanshin gaskiya a farkon maganar. Tun a 1948 wata masaniya 'yar ƙasar Hangari, Maria Nagy, ta bincika yadda yara ke fahimtar mutuwa, ta ga cewa ƙanana sukan ɗauke ta kamar barci ko tafiya, abin da ake dawowa daga gare shi. Masanan da suka biyo baya sun nuna cewa yawancin yara sukan gane cewa mamaci ba ya dawowa, kuma kowa zai mutu, tsakanin shekara 5 zuwa 7. Ma'ana, duk ɗalibin da ke manyan azuzuwan firamare da sakandare ya san abin da ya same shi sarai. Abin da ba shi da shi kawai shi ne kalmomin faɗa da kuma wanda zai faɗa wa.

Batun mantawa kuwa, bincike ya ƙaryata shi. A yankin Boston na Amurka, William Worden da Phyllis Silverman sun bi sawun yara 125 daga iyalai 70, waɗanda suka rasa uba ko uwa, har tsawon shekara 2. Worden ya buga sakamakon a 1996. Yawancin yaran sun jure, amma abubuwa biyu sun fito fili. Na farko, wasu yaran ba su nuna alamar damuwa sosai ba sai a shekara ta biyu, lokacin da kowa ya ɗauka an wuce wurin. Na biyu, abin da ya fi nuna yadda yaro zai kasance shi ne halin da mahaifin da ya rage yake ciki: in uwa ta durƙushe, yaro yakan durƙushe tare da ita. Boston ba Kafanchan ba ce, ba kuma Zuru ba, amma duk malamin da ya daɗe da alli a hannu ya ga irin wannan da idonsa.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Baƙin cikin ɗalibi yakan bayyana da siffar da ba a zata ba. Yarinyar da take ta ɗaya a aji ta koma kallon taga. Yaro mai sanyin hali ya fara dambe a filin wasa. Wani ya yi ta kukan ciwon kai da ciwon ciki, a kai shi ɗakin magani a rasa abin da ke damunsa. Wani ya fara gyangyaɗi a aji domin dare ya zame masa abin tsoro. Wata ta ƙi zuwa makaranta, don tana fargabar in ta bar gida mahaifiyarta ma za ta mutu. Malamin da bai san labari ba zai kira wannan lalaci ko taurin kai, ya ɗauko bulala. Aikin farko na malamin shawara ke nan: ya zama mai fassara, ya sanar da malaman ajin abin da ke faruwa, don kada a hukunta yaro saboda ciwon da bai jawo wa kansa ba.

MENE NE HAƘURI?

Haƙuri maganin zaman duniya, ba mai musun wannan. Sai dai kalmar tana da fuska biyu a bakinmu. Wani lokaci in mun ce wa mutum yi haƙuri, muna nufin Allah ya ba ka ƙarfin ɗaukar wannan kaya, muna tare da kai. Wani lokaci kuwa abin da muke nufi shi ne, yi shiru, kukanka ya dame mu. Yara sun fi samun kashi na biyu, musamman maza, waɗanda ake gaya musu cewa namiji ba ya kuka.

Wannan kuskure tsoho ne, har tsarkaka sun faɗa cikinsa. Waliyyi Agustin ya ba da labarin rasuwar mahaifiyarsa Monika a garin Ostiya a shekarar 387. Da ta cika, ɗansa Adeodatus, saurayi mai shekara 15 ko kusa da haka, ya fashe da kuka saboda kakarsa, sai manyan da ke wurin duka suka tsawata masa har ya yi shiru, don a ganinsu kuka bai dace da mutuwar mai bangaskiya ba. Shi kansa Agustin ya danne hawayensa har aka yi jana'iza. Ya tafi gidan wanka ko zai sami sauƙi, bai samu ba. Sai da ya kaɗaita bayan ya tashi daga barci ya saki hawaye a gaban Allah, a nan zuciyarsa ta sami hutu. Babban malamin Ikklisiya ya sami wurin da zai yi kukansa. Ba a gaya mana inda yaron ya kai nasa ba.

Mu tuna kuma da abokan Ayuba su uku. Sun zauna tare da shi a ƙasa kwana 7, dare da rana, ba wanda ya ce uffan, kuma wannan ne mafi kyawun abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki suna neman bayyana dalilin masifarsa, sai suka ƙara masa ciwo. Ubangijinmu ma ya zubar da hawaye a bakin kabarin Li'azaru, alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Saboda haka bangaskiya ba ta hana kuka. Haƙurin da ya cancanci sunan shi ne mutum ya ɗauki ciwonsa ba tare da ya yanke ƙauna ba, kuma yaro ba ya koyon wannan sai a gefen babban da zai iya zama da shi ya saurara, ba tare da gaggawar yi masa wa'azi ba.

Akwai abin da ya kamata malamin shawara ya kiyaye a nan. Mutane da yawa sun ji labarin matakai 5 na baƙin ciki da Elisabeth Kübler-Ross ta bayyana a 1969. Ita ta samo su ne daga hira da majinyata da ke bakin mutuwa, kuma ba tsani ba ne da kowane mai makoki zai taka ɗaya bayan ɗaya. A 1999 masana biyu a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun kawo bayanin da ya fi kusa da abin da muke gani: mai makoki yakan yi ta kai da komo tsakanin fuskantar rashin da ya yi da kuma komawa harkokin rayuwa. Shi ya sa za ka ga yaro yana kuka da safe, da yamma yana buga ƙwallo. Kada a ce ba shi da zuciya. Hutawa yake yi, don ba wanda ke iya kallon rana ba ƙiftawa.

YARO DA GASKIYA

Ga wata tambaya mai wuya: ya halatta a yi wa yaro ƙarya don a sauƙaƙa masa? Mun san yadda ake yi. A gaya wa ƙaramin yaro cewa Baba ya yi tafiya. A aika makarantar kwana a ce ɗalibi ya zo gida, Mama ba ta da lafiya, alhali an riga an haƙa kabari. Wani lokaci a ɓoye masa gaba ɗaya har ya gama jarrabawa, ya dawo ya tarar an yi wata guda da binnewa. Masu yin haka ba mugaye ba ne, tausayi ne ya sa su. Akwai kuma hujja a gefensu: ba hikima ba ce a jefa wa yaro irin wannan labari sa'an nan a sa shi a mota shi kaɗai ya yi tafiyar wuni.

Duk da haka ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaron da aka ce mahaifinsa ya yi tafiya zai yi ta jira a bakin ƙofa, in ya gaji ya fara tambayar kansa laifin da ya yi har aka tafi aka bar shi. Wanda aka ce masa barci ne zai ji tsoron kwanciya. Babban ɗalibin da aka ɓoye masa kuwa ya yi rashi biyu: ya rasa mahaifiyarsa, ya kuma rasa amincewa da maganar manya, daga ranar duk saƙon da ya zo daga gida sai gabansa ya faɗi. Akwai bambanci tsakanin zaɓen lokaci da wuri da mutumin da zai faɗi gaskiya, da kuma musanya ta da ƙarya. Na farkon hikima ce, kuma a nan malamin shawara yake da amfani ƙwarai. Shi zai yi magana da iyali, ya roƙi a turo wanda yaron ya sani, ya tanadi ɗaki inda ba idon jama'a, ya zauna a wurin lokacin da ake faɗa, ya kuma tabbatar yaron bai kama hanya shi kaɗai ba. Jinkirin sa'o'i kaɗan har ɗan'uwa ya iso abu ne mai kyau. Hana ɗa halartar jana'izar mahaifiyarsa saboda takardar jarrabawa kuwa shawara ce da bai kamata a yanke ta a bayan idonsa ba.

AMANA DA IYAKARTA

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ɗalibi mai makoki zai faɗi abubuwan da ba zai iya faɗa a gida ba: cewa yana fushi da Allah, cewa sun rabu da mahaifinsa da faɗa ranar ƙarshe, cewa yana ganin shi ne sanadi domin ya makara wajen sayo magani, cewa dangin uba sun kwashe kayan gida. In wannan magana ta fito a ɗakin malamai ta zama hira, an kashe aikin, ba ɗalibin da zai ƙara taka ƙofar. Amma amanar tana da iyaka, kuma adalci ne a gaya wa yaro iyakar tun ranar farko. In ya ce yana tunanin kashe kansa, ko wani yana cutar da shi a gidan da aka kai shi riƙo, dole malami ya sanar da waɗanda za su iya kare shi, domin rai ya fi sirri nauyi.

Haka kuma malamin shawara ya san iyakar kansa. Shi ba likita ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta amince cewa akwai baƙin cikin rashi da ke zarce misali, ya wuce wata 6 yana hana mutum gudanar da rayuwarsa. In ɗalibi ya kai haka, ko ya daina ci, ko ya faɗa shaye-shaye, sai a nemi masana, irin waɗanda ke asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko na Kware a jihar Sakkwato, ko na Maiduguri, kuma ba abin kunya a ciki. Shi ba Fada ba ne kuma ba liman ba. A aji ɗaya akwai ɗan Katolika da iyalinsa za su sa a yi Misa domin mamaci, akwai ɗan wata ɗarika, akwai Musulmin da mahaifiyarsa za ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Malami nagari yakan taimaki kowane yaro ya jingina da abin da gidansu ya jingina da shi. Amfani da raunin maraya don janye shi daga addinin iyayensa cin amana ne, ko wane ne ya yi shi.

RANAR DA MUTUWA TA SHIGO MAKARANTA

Wani lokaci makarantar ce gaba ɗaya take makoki. A watan Fabrairu na 2014 'yan bindiga suka kashe ɗalibai da dama a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi a jihar Yobe. Ranar 12 ga Yuli, 2024, ginin wata makaranta ya rushe a Jos ana cikin karatu, mutane 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. A ƙauyukan Filato da kudancin Kaduna da Zamfara akwai azuzuwan da yara da yawa a cikinsu suka rasa iyaye a dare ɗaya. A irin wannan rana manyan mutane sukan zo da jawabi da buhunan shinkafa, bayan mako guda su tafi. Wanda zai rage shi ne malamin da zai yanke abin da za a yi da kujerar da ba kowa a kanta, yadda za a sanar da ƙananan azuzuwa, da yadda za a bi da yaron da ya tsira yana tambayar dalilin da ya sa shi bai mutu ba. Makarantar da ba ta shirya wannan tun ana zaman lafiya ba, ba za ta iya shirya shi ranar tashin hankali ba. Shi ma malamin mutum ne, wataƙila ya rasa nasa, yana buƙatar wanda zai saurare shi.

ABIN DA KE WUYANMU

Wani zai ce, Fada, makarantar da ba ta da alli ina ta ga malamin shawara, kuma kakanninmu da wa suka yi shawara? Amsa ita ce, kakanninmu suna da gida babba, inda maraya yake da gwaggo da kaka da baffa a katanga ɗaya. Yau iyalai da yawa suna zaune a ɗakin haya a birni, ko a sansanin gudun hijira, yaro kuma yana makarantar kwana nesa da kowa. Mun ce ɗa na kowa ne, amma abin da aka bar wa kowa sau da yawa ba wanda ke ɗaukarsa. Dole a sa sunan wani a kai.

Saboda haka, ya ku shugabannin makarantu, ku rage wa malamin shawara darasi, ku ba shi ɗaki mai ƙofa. Inda babu wanda aka horar, ku zaɓi malami ko malama mai riƙon amana, ku tura su samun horo. A ajiye rajistar ɗaliban da suka yi rashi tare da ranar, don a tuna da su in shekara ta zagayo, da kuma lokacin Kirsimeti ko Salla, da ranar ziyarar iyaye, sa'ad da maraya ke tsaye yana kallon motocin wasu. Ya ku iyaye da masu riƙo, ku sanar da makaranta kafin yaro ya koma, kada ya shiga aji a tambaye shi inda ya je. Ya ku 'yan kwamitin iyaye da malamai, da 'yan Zumuntar Mata, da sauran ƙungiyoyinmu, ku tuna cewa sau da yawa mutuwar uba ita ce ƙarshen kuɗin makaranta. Ta'aziyyar da za ta ƙare da koro yaro daga aji a zango na gaba ba ta cika ba. Malamin shawara ne zai fara sanin wanda ke cikin wannan hali, mu kuwa mu ne za mu sa hannu a aljihu.

Kowannenmu kuma, in ya je gaisuwar mutuwa, bayan ya gai da manya ya tambayi inda yaran suke, ya kira su da sunansu, ya yi musu gaisuwa kamar yadda ake yi wa mai makoki. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ta'azantar da marayunmu, ya kuma ƙarfafa malaman da ke zama da su. Amin.